Rabin Mataki Ƙasa

Shekara ashirin da bakwai Kurma ya yi yana tsayawa a bayan dandamali, ta hannun hagu, tsakanin mai ganga da babbar lasifika. Da za a tara duk waɗanda suka taɓa yin rawa da kiɗansa a ce su nuna fuskarsa, ba za a samu mutum goma ba. Bes yake kaɗawa, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda a ƙirji ake jin ta kafin ta iso kunne. Ba wanda ke tafa wa mai bes. Sai ranar da bai zo ba ake cewa yau kiɗan salam yake, ko a ranar ma ba a san dalili ba.

Shi dai ba kurma ba ne. Maigida ne ya laƙaba masa sunan, wato mawaƙin da ya kafa ƙungiyar, tun suna samari suna atisaye a garejin wani makanike. Idan Kurma ya karkata kai yana sauraron tsirkiya, ko uwarsa ka zaga ba zai ji ba. "Ku ƙyale shi, kurma ne," in ji Maigida, aka kwashe da dariya, suna ya bi shi har gidan surukai. Alhali kaf ƙungiyar babu mai kunnensa. Kafin kowane wasa shi ke fara ɗaure tsirkiyarsa, ya kaɗa guda ɗaya, masu jita biyu su kasa kunne su daidaita nasu da tasa. Inda ya tsaya nan kowa ke tsayawa, har muryar Maigida.

Akwai wata waƙa da ba a tashi daga wasa sai an yi ta. Kusa da ƙarshenta Maigida kan hau sama can, ya riƙe muryar har mata su fara ihu. Wurin nan shi ne abincinsu duka, suna kiransa hawan. Da Maigida ya haura hamsin, muryar ta fara karcewa a bakin hawan, kaɗan ƙwarai, yadda babu wanda ya ji sai Kurma. A wasa na gaba ya murɗa kunnen bes baya, ya sassauta tsirkiya ɗan ƙanƙani, masu jita suka bi shi ba tare da sun sani ba, Maigida ya haye lafiya lau. Bayan shekara biyu ya ƙara sassautawa. A haka a haka har ya sauke sautin ƙungiyar gaba ɗaya rabin mataki, Maigida kuwa yana ta bugun ƙirji a gidan rediyo cewa shi muryarsa ba ta san tsufa ba.

Mutum ɗaya Kurma ya faɗa wa, matarsa, tela ce, kekenta a falo yake kusa da taga.

"Ka gaya masa mana, Baban Auta," ta ce, zare a bakinta.

"In ce masa me? Muryarka ta gaji?"

"Au, ƙarya za ka yi in ka faɗa?"

"Ba a faɗa wa mawaƙi haka."

"To sai ka ci gaba da goya shi. Namiji da gemunsa, wai kai ne zanin goyo."

Ya yi murmushi ya ci gaba da goge bes da tsumma.

Ana nan sai babban ɗan Maigida ya dawo daga karatu ya naɗa kansa manaja. Wannan Manajan, Kurma ya sha ɗora shi a wuya a wurin atisaye, yaron ya taɓa tsula fitsari a cikin akwatin bes ma, har yau tabon yana nan. Yanzu ya zama mai tabarau a goshi da waya biyu a hannu, yana kiran Kurma "Kawu" da irin muryar da ake kiran mai gadi. Wata safiya ya shigo ɗakin atisaye da kwalaye uku ya dire a kan lasifika.

"Daga yau an daina wannan ƙwan-ƙwan ɗin a gaban jama'a," ya ce. "Fedar saiti ce. Kowa tasa."

Gaskiya ɗaya ce, na'urar ba ta da laifi. Ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, a ƙasa ake ajiye shi. Wayar jita ta shiga ta gefe guda, ta fita ta ɗayan zuwa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Idan ka taka, sautinka ya ɗauke, jama'a ba sa jin komai. Ka kaɗa tsirkiya, harafinta ya fito a fuskar akwatin. Jar wuta a hagu, ta yi sako-sako. Jar wuta a dama, ta ɗaure da yawa. Kore a tsakiya, ta zauna daidai. Ka sake takawa, sauti ya dawo. Ko mai ganga yana fasa duniya a bayanka za ka iya gyara tsirkiya da ido. Kurma da kansa abin ya burge shi. Shi ya gano cewa babbar tsirkiya sai an kaɗa ta sau ɗaya a hankali a jira wutar ta natsu, kuma ya koya wa masu jita su riƙa hawowa daga ƙasa su tarar da koren, kada su faɗo masa daga sama.

Matsalar ita ce feda ba ta san Maigida ba. Ba ta san shekarunsa ba, ba ta ci abinci da shi a kwano ɗaya ba. Da aka bi korenta, kiɗa ya koma inda yake shekara goma da suka wuce. Babban mai jita, wanda ake ce wa Ɗan Gayu, ya yarfa yatsu ya ce, "Kai, wannan abu ya ɗaure min waya kamar igiyar shanya." Manaja ya ce ai da can a karkace suke, yanzu ne suka shigo hanya.

Wasan farko da feda da yamma aka yi shi, a babban ɗakin taro na wata makaranta. Komai ya tafi daidai har aka iso hawan. Maigida ya ja numfashi, ya ɗaga hannu kamar kullum, sai muryar ta tsage biyu kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Wasu 'yan mata a layin gaba suka rufe baki. Maigida ya yi tari, ya nuna maƙogwaro, ya ce mura ce.

Bayan an tashi, Kurma ya same shi shi kaɗai a ƙaramin ɗakin da suka ajiye kaya, yana kurɓar ruwan ɗumi. Maigida bai ɗago ba.

"Kurma, yau kiɗan nan ya hau sama."

"Ya hau, Maigida."

Maigida ya sake kurɓar ruwan.

"Zan duba shi," in ji Kurma.

"Ka duba."

Iyakar maganar ke nan, amma duk mai hankali ya san me aka ce. Ashe mutumin nan ya sani. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani, amma ya sani, kuma bai taɓa cewa sannu ba.

Kurma ya ɗauki takardar da ta zo a cikin kwalin ya tafi da ita gida, ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi da yatsa. Can ƙasa ya ga abin da yake nema. Akwai wani ƙaramin maɓalli a gefe, idan ka danna shi sau ɗaya, feda za ta ba ka kore a rabin mataki ƙasa, harafin bai canza ba, sai wani ɗan ɗigo da ke fitowa a kusurwa. Dama shi ke riga kowa zuwa yana shimfiɗa wayoyi. Ya danna duka ukun.

Wata huɗu Maigida yana hayewa kamar saurayi. Manaja yana zagayawa yana cewa, "Kun ji bambanci ko? Wannan shi ake kira aiki da ilimi." Ɗan Gayu ya ce yatsunsa sun saba da feda. Kurma ya bar su a haka.

Sai Manaja ya ɗauko mai fiyano, domin wani babban wasa da za a watsa a rediyo. Da hantsi suka haɗu a zauren don gwajin sauti, kujeru babu kowa sai masu shara da ma'aikatan rediyo uku. Masu jita suka taka, suka sami kore. Mai fiyano ya danna, aka shiga tare, abin ya fito kamar kuliyoyi biyu a buhu ɗaya. Aka tsaya, aka sake, haka dai. Mai fiyano ya taso, ya tsuguna gaban fedar Ɗan Gayu, ya leƙa ta biyu, ya leƙa ta Kurma.

"Manaja, wani ya taɓa waɗannan. Duka an sauke su. Ga ɗigon nan."

Manaja ya cire tabarau daga goshi. "Wa ke haɗa kaya?"

Kowa ya juya ya dubi Kurma.

"Ni ne," in ji Kurma.

"Kawu, da gangan?"

"Da gangan."

"Saboda me? Don an karɓe maka sarautar kunne? Wata huɗu muna yawo da kiɗa a karkace, ana yi mana dariya a bayan ido, don kawai a ce ba a iya yi sai da kai?"

"Wa ya yi muku dariya?"

"Ba shi na tambaye ka ba. Na ce saboda me?"

Amsar tana bakinsa, gajeriya ce. Amma sai ya faɗe ta a gaban ɗan mutum, da baƙo, da ma'aikatan rediyo da suka riga suka daina abin da suke yi suna kallo. Ya dubi Maigida, wanda ke zaune a kan kujerar roba a bakin dandamali da gorar ruwa a cinya. Ba sai Maigida ya tona kansa ba. Da ya ce "ni na sa shi, ku bar maganar," da shi ke nan, babu mai sake tambaya. Maigida ya murɗa murfin gora, ya buɗe, ya rufe.

"Ku yi masa haƙuri," ya ce. "Tsufa ne. Kunnen nasa ya fara tafiya, na daɗe da lura, kunya ce ta hana ni faɗa."

Mai ganga ya sunkuyar da kai. Ɗan Gayu ya shiga gyaran madaurin jitarsa da babu abin da ya same shi. Manaja ya sassauta murya, abin da ya fi ihun ciwo, ya ce Kawu ya je gida ya huta, akwai wani mai bes da mai fiyano ya sani, zai iso kafin la'asar.

Kurma ya taka feda tukuna, sauti ya ɗauke, sannan ya zare wayar, don kada lasifika ta yi ƙara ta firgita mutane. Ya naɗe wayar a gwiwar hannu yadda ya saba, ya ajiye musu a kan amfilifaya, ya sa bes a akwati. Bes ɗin dai nasa ne. Ya bi ta ƙofar baya, babu wanda ya raka shi ko taku biyu.

Da ya faɗa wa matarsa, ta miƙe tsaye har almakashi ya faɗi.

"Kunnenka? Kunnenka ya ce? Wallahi yanzun nan zan je zauren, a gaban 'yan rediyon zan gaya masa wanda ya tsufa."

"Zauna, don Allah."

"Ba zan zauna ba! Shekara goma kana rufa masa asiri, ya rasa da me zai rufe nasa sai da fatarka?"

"Idan kin faɗa, ya gama. Mutum takwas ke ci a ƙarƙashin muryar nan."

"Da can tara ne," ta ce.

Bai bar ta ta fita ba. Ranar rediyon gidan a kashe ya wuni.

Yanzu Kurma yana da ɗan tebur a shagon wani mai gyaran talabijin, yana liƙa wayoyin jita da dalma, yana canza wa amfilifaya abin da ya ƙone. Samarin makaɗa kan kawo masa kaya, wasu ma ba su san ya taɓa hawa dandamali ba. Waɗanda suka sani kuwa labarin da ya iso musu shi ne kunnensa ya mutu, don haka sukan ɗaga murya idan suna yi masa magana. Yakan amsa musu a hankali. Bes yana ƙarƙashin gado. Daga gidan Maigida ko gaisuwa ba a aiko ba.

Wata Lahadi da rana yana falo, matarsa tana kan keke, sai rediyo ya sako ƙungiyar kai tsaye daga wani zaure. Mai gabatarwa yana ta yabon Manaja, wai ya zo da sabon tsari, ya ba tsofaffin waƙoƙin nauyi da zurfi irin na zamani. Aka fara waƙar hawan. Kurma ya karkata kai. Ta tsayar da keke tana kallonsa.

"Mene ne?"

"Sun sauke."

"Rabin matakin naka?"

"A'a. Mataki guda cif."

Ta tafa hannu sau ɗaya. "Sabon tsari! Kai ka yi rabi aka kore ka, su sun yi guda an sa su a rediyo."

Bai ji ta ba. Waƙar ta kusa ƙarshe, ya dafe gwiwa, leɓensa yana motsi, yana ƙirga kiɗan. Maigida ya ja numfashi, ya hau, ya riƙe, mata suka fara ihu a cikin rediyon. Kurma ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera.

"Ya haye," ya ce, har da ɗan murmushinsa.

Wannan murmushin ne ya fi komai ƙona mata rai. Ta buɗe baki, sai ya riga ta.

"Amma sabon mai bes ɗin nan, babbar tsirkiyarsa ta yi laushi da yawa, tana dukan itace. In za su zauna a nan sai ya sa mai kauri. Da akwai wanda zan aika ya gaya masa..."

"Ka aika," ta ce. "Ka aika, Baban Auta, ka gani in za ka same ni a gidan nan."

Ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta taka keke da ƙarfi har teburin yana rawa, ta yi ta ɗinki a kan layin da ta riga ta ɗinke.