Yafiyar da Yaya Hanne Ba Ta Yi Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Hanne a nan Jidda. Na so in bar ranar ta wuce yadda na saba: in sayi dabino in raba a masallacin layinmu a Bani Malik, in kira 'yan uwa a gida mu yi mata addu'a, shi ke nan. Amma bana shugaban ƙasarmu ya riga ni tuna ta. Ya yi afuwa ga mutumin da ta mutu ba ta yafe wa ba, ya buɗe masa ƙofar gidan yari, yanzu kuma an biyo ni har shagona ana so in ƙarasa musu abin da ya rage.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, a bayanta na girma. Mace ce mai baki. In ta yi maka tsiya sai ka gama dariya sannan ka gane kai aka zaga. Shekarar da ruwa ya ci garinmu mijinta ya riga ya rasu, ya bar ta da yara biyu, Sani da Ladi. Aka kwashe mutane aka zuba su a makarantar firamare ta kan tudu, ba a jima ba amai da gudawa suka shiga sansanin. A rediyo muka ji cewa gwamnati ta aiko da hatsi da magani da ledojin ƙarin ruwa, kuma an damƙa rabon a hannun ɗan garinmu, wanda kowa ke kira Onarabul. Har muka ji daɗi, muka ce namu ne. Ashe kura aka bai wa ajiyar nama. Motocin sun shigo jihar, amma ba su iso makarantar ba. Daga baya aka riƙa ganin buhunan a kasuwa da tambarinsu na cewa ba na sayarwa ba ne, ledojin kuma a kantunan magani. A mako guda Yaya ta rasa Sani da Ladi.

Da ruwa ya janye ta sayar da gonar gadonta, ta zo umara, ta ƙi komawa. Ta ce ba za ta iya zama a garin da kullum za ta wuce fastar mutumin nan manne a bangon makarantar da 'ya'yanta suka mutu ba. Ta kama ɗaki a saman wani tsohon bene a unguwar Ammariyya, ta ɗora tukunya. Tuwo, miyar kuka, ɗanwake, wani lokaci fura. Masu aikin gini da direbobi 'yan ƙasarmu suka san hanyar ɗakinta fiye da yadda suka san hanyar masallaci. Da wannan tukunyar ta kawo ni, ta sama mini gurbi a shagon ɗinki. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ni ma har yau ba ni da ita. Haka muke rayuwa, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan titi.

Lokacin azumi manyanmu kan cika ƙasar nan, kuma duk tsadar otal ɗinsu cikinsu tuwo yake nema. Sai su aiko a saya musu a wurin matanmu. Yaya tana da wata ɗabi'a: ba ta zuba wa ɗan aiken babban mutum sai ta tambaya, "Na wane ne?" Wata shekara aka ce mata na Onarabul ne. Ta mayar da murfi ta ce tuwo ya ƙare, ga tururi yana fita ta gefen tukunya kowa yana gani. Ɗan aiken ya tsaya yana kallon tukunyar, ita kuma ta ci gaba da zuba wa wani direba da ya zo bayansa.

Tana da rai aka kama shi. Gwamnati ta sauya, ya wayi gari a ɓangaren da ya faɗi, sai aka tuna da buhunan. Na ruga Ammariyya da labari ina washe baki, ina cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ko ludayi ba ta ajiye ba. Ta ce, "Auta, ba don su Sani aka kama shi ba. Ya tsaya a inuwar da rana ta cimma ne. Ran da ya koma inuwa mai kyau, da kansu za su kakkaɓe masa riga." Na ji haushinta a ranar, na ce Yaya ba ta iya murna ba. Ba ta kai ga jin hukuncin da kotu ta yanke masa ba. Ta rasu kafin nan.

Yadda ta rasun shi ne tushen wannan magana. A ɗakinta ta yi jinya, don wanda ba shi da takarda yakan yi tunani sau biyu kafin ya doshi asibiti. Ranar da jikin ya yi tsanani, bayan la'asar, aka kira Inna Maryama, tsohuwa haifaffiyar Jidda, mai yi wa matanmu wankan gawa. Kowa ya san al'adarmu: in an ga mutum ya kama hanya, kafin a laƙƙana masa kalmar shahada akan ce ya yafe wa jama'a, jama'a su yafe masa. Abu ne da ake yi ba tare da tunani ba, kamar amsa sallama. Ban taɓa jin wanda ya yi gardama a wannan gaɓar ba.

Inna Maryama ta riƙe hannunta ta ce, tana surkawa da Larabci, "Ya Hanne, halas, shi ke nan, duniya ta ƙare. Ki ce kin yafe wa kowa, Allah ya yafe miki."

Yaya ta ce, "Na yafe wa kowa, Inna, duniya da lahira. Ban da mutum ɗaya."

"Haram, ya binti, 'yata. A ƙasar nan za ki tafi da wani a ƙulle a zuciya?"

"Nawa na yafe masa tun tuni. Na Sani da Ladi ne ban isa in bayar ba. Su ba wanda ya tambaye su."

Daga nan ta yi shahada da bakinta, sarai, kowa ya ji. Matan da ke ɗakin suka rabu biyu. Wasu suka ce taurin kai ya bi ta har bakin kabari, wasu kuma suna ta share hawaye. Kafin a yi sadakar uku maganar ta isa gida. Ta zama abin faɗa a garinmu, har in wani ya ce ya yafe, sai a tsokane shi da cewa, "Har da mutum ɗaya?"

To, ga mu yau. Daga cikin gidan yari Onarabul ya sauya sheƙa, magoya bayansa suka yi wa jam'iyya mai mulki aiki a zaɓe, sai ga sanarwa cewa an yi masa afuwa saboda tsufa da rashin lafiya. Marar lafiyar da muka gani a waya tsaye a saman mota, yana ɗaga hannu biyu, makaɗa na biye da shi. Ƙasa ta ɗauki zafi. A rediyo ana ta kira ana Allah ya isa, matasa sun rubuta maganar Yaya a bangon kasuwar garinmu, a shagona ma sai da na raba faɗa tsakanin mutum biyu da suka zo auna riga. Na yi ta tunanin me za ta ce in ta ga wannan fushin. Na san ba zai burge ta ba. Za ta ce fushinmu wutar kara ce, kuma a cikin masu zagin da safe akwai waɗanda za su bi jerin gwanon motoci da yamma in an raba shinkafa. Abin da ke ci mini rai shi ne duk abin da ta faɗa ya tabbata, ni da na yi mata kallon marar godiya.

Masu kare shugaban ƙasa suna cewa tsarin mulki ya ba shi dama. Ban musa ba. Amma gidajen yarinmu cike suke da waɗanda suka tsufa suna jiran shari'a a kan akuya, babu wanda ya tuna da tsufansu. A nan ma matanmu da aka kama da tiren gyaɗa suna zube a inda ake tsare mutane kafin a mayar da su gida, ban ji an aiko musu ko da gaisuwa ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙin bawa, Allah da kansa ba ya yafewa sai mai haƙƙin ya yafe. Shugaban ƙasa yana iya yafe shekarun da kotu ta yanke, nasu ne, su suka ƙirga. Amma ya yi magana kamar ya wanke mutumin tas, alhali ko sunan yaran bai sani ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Makon jiya Alhaji Tanimu, dattijon da ke shugabantar 'yan garinmu a Jidda, ya zo shagona ya zauna kusa da keken ɗinki. Ya ce Onarabul na tafe umarar godiya, kuma za a yi masa walima a unguwar Aziziyya. Ya ce maganar Yaya ta hana iyalin Onarabul sukuni, don wani malami ya gaya musu bakin wadda ta cika a ƙasa mai tsarki ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da ake so kawai, ni magajinta in miƙe a gaban jama'a da kyamara in ce dangi sun yafe a madadinta. Onarabul kuma zai sa a yi mata aikin hajji, zai kuma haɗa ni da kafili, Balaraben da zai tsaya mana a yi iƙama, ni da 'yata Samira.

Ban kore shi ba. Na ce ya ba ni lokaci. Samira a nan aka haife ta, ta zama budurwa ba ta da takardar ko wace ƙasa. Karatu ya tsaya mata inda aka fara tambayar takarda. In ta hango motar 'yan sanda sai ta shige kantin da ya fi kusa ta yi kamar tana sayayya. Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Ta ajiye mini abinci, ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Baba, kalma wahda ce fa, ɗaya tak. Ammati ta mutu, halas. Ni ina da rai." Ammati take ce wa goggonta. Na kwana biyu ina tsine wa mutumin nan da ya ci 'ya'yan yayata bai ƙoshi ba, ya dawo yana gwada ni da tawa.

Amma duk yadda na juya, wuri ɗaya nake dawowa. Uwar da ta haifi Sani da Ladi ta ce ba ta isa ba. Ni kawunsu in ce na isa? In na miƙe a walimar nan, na yi abin da shugaban ƙasa ya yi ke nan, kyauta da kayan wani. Shi ya karɓi ƙuri'a, ni in karɓi iƙama.

Na je na sami Alhaji Tanimu na gaya masa. Bai yi fushi ba, ya dai girgiza kai ya ce, "Ɗana, ka yi wa yarinyar nan asara." Can ya ce to ko kabarin ne in nuna, Onarabul ya je da kansa ya roƙa, a ɗauki hoto. Na ce, "Baba Alhaji, kai ma ka sani, a ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Ni na sauka ramin na karɓe ta, amma yau in ka kai ni maƙabartar ba zan iya nuna maka wurin ba." Ya sani, shi ma ya binne matarsa a nan.

Don haka in an tambaye ni me ya saura na Yaya Hanne bayan shekara bakwai, lissafin ba shi da tsawo. Gidanta ruwa ya ci, gonarta tana hannun wani, 'ya'yanta sun riga ta, ɗakin Ammariyya wasu baƙi ne a ciki, kabarinta ya saje da ƙasa. Magana ɗaya ta bari, wadda kotu ba ta rubuta ba, shugaban ƙasa bai iya sokewa ba, kuma mai motoci da makaɗa ya tsallako teku yana neman a ɗauke masa ita. Ban ce ta yi daidai a wurin malamai ba. Na dai san ta riƙe wa marayunta amana har numfashinta na ƙarshe, kuma da ta tafi a hannuna ta bari.

Riƙon ba kyauta ba ne. Samira tana kawo mini abinci ta ajiye ta juya, ba ta haɗa ido da ni ba tun ranar. Tana da gaskiya, kuma ban san ko za ta taɓa yafe mini ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya haɗa ta da yaranta, ya ba 'yata mafita ta hanyar da ba sai na sayar da matattu ba. Onarabul kuwa jibi zai sauka a filin jirgi, cikin harami fari tas.