Abin da Na Zuba a Kwalbar Yayana

Jiya a asibiti, nan Birnin Kebbi, aka miƙo wa ɗana 'yar kwalba mai jan murfi don ya yi fitsari a ciki. Ina ganinta na gane ta.

Na fara ganin irinta ne a Argungu ina 'yar shekara tara. Gidanmu na masunta ne, ƙarnin kifi da hayaƙin banda ba sa barin tufafinmu. Da bazara, in ruwa ya ja baya, a gulbi yayana yake wuni. Fitsarinsa kuwa da jini yake ƙarewa. Kada ka yi mamaki in na ce ba wanda ya damu. A wurinmu tsargiya alama ce yaro ya fara zama namiji, babanmu har tsokanarsa yake yi da ita.

Wata shekara masu bincike suka zo, suka raba kwalabe ga yaran da ke shiga gulbi. Wanda aka ga cutar a fitsarinsa za a ba shi magani. Kakarmu ta daɗe tana jujjuya kwalbar yayana a hannu.

"Mi za su yi da shi?" in ji ta. "Ba a ba baƙo jinin ɗa namiji. Da irinai ake sammu."

Ta ja ni bayan ɗaki, ta ce tunda ni ba na shiga gulbi, in cika ta da nawa fitsarin. Na cika. Ta ba ni ƙuli-ƙuli biyu, na wuni ina jin na yi abin kirki.

Sakamako ya zo, aka ce yayana ba shi da komai. Sa'o'insa suka sha magani, shi ya koma gulbi. Kaka ta rasu tana ganin ta tsare jikanta, kuma har yau na kasa jin haushinta.

Yanzu abubuwa sun sauya. A makaranta ake raba maganin, uba kuma ba ya dariya in ya ga jini. Amma yayana shekara biyu ke nan yana jinyar mafitsara, ya rame har zoben hannunsa yana faɗuwa. Ranar da likita ya tambaye shi ko an taɓa auna shi yana yaro, ina zaune a gefen gado.

"An auna ni," ya ce. "Anka ce lahiyata lau."

Na sunkuyar da kai ina gyara masa bargo.

Jiya a ƙofar banɗaki na tsaya har ɗana ya fito, na kai kwalbar da hannuna. Daga nan na wuce da kunu ɗakin da yayana yake kwance. Ya sha, ya sa mini albarka. Ban faɗa masa ba tukuna.