Motar da Ƙanena Ya Riga Ni Saya

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron wani ɗan garinmu ya karanta ya gane ni, ya ce hassada ce. Har wani malami na tambaya. Ya ce idan ba na fatan abin ya lalace a hannun mai shi, to da sauƙi. Ba na fatan haka. Amma ganin motar ba ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu a Wurno, kuma albasa nake nomawa. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Idan na shiga gaida Inna, bango take kallo ta amsa. Ƙanena kuwa a bakin tabarmarta yake zama, ya ci ragowar tuwonta, su yi ta dariya ina jiyo su daga zaure.

Abin da nake da shi babur ne. Yayar Inna tana wani ƙauye a ƙasar Rabah, kuma shekara da shekaru ni ke kai Inna wurinta. A kan babur ɗin na gane bakinta yana buɗewa. Tana bayana, ba ta ganin fuskata, iska na kwashe rabin maganar. Da mun wuce gonakin bayan gari sai ta fara. Ta faɗa mini wanda ba zan ba aron injin ban-ruwa ba. Ta faɗa mini ina jariri kuka nake idan jaki ya yi kuka. Wani lokaci ta ja rigata ta ce, "Kai wanga, rage gudu, mi kaka sauri?" Sai in rage fiye da yadda ta nema, don hanyar ta ƙara tsawo.

Da ƙugunta ya fara ciwo na shiga neman mota. Hanyar ƙauyen yashi ce, da damina kuma laka, ƙananan motoci kafewa suke. Wani dillali a Sakkwato ya nuna mini tsohuwar motar Jamus, ruwan toka, mai dogon baya, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja. Ta girmi babban ɗana, amma ƙofarta idan ka rufe, sai ka ji kamar ta ɗakin siminti.

Na yi ta komawa. Na kwanta a ƙarƙashinta da tocila. Na shimfiɗa kwali ƙasan injin, na dawo washegari in ga ko baƙin mai ya ɗiga. Na kawo makanike, na kawo wani, kowa da abin da ya ce. Dillalin ya fara ce mini likita. Daga ƙarshe na ɗauki ƙanena ya taya ni gani. Sau ɗaya ya zagaya ta, ya shuri taya, ya tada ta, ya danna oda.

"Yaya, in ba ka so, ni ina so."

Na ce bari in yi istihara tukuna.

Ya yi dariya. "Yi taka. Ni tun cikin motar haya na yi tawa."

Bai ci amanata ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Ya jira ni. Da ya ga shiru, ya turo kawunmu ya nema masa izini, yadda ya kamata. Ni da bakina na ce Allah ya sanya alheri.

Ranar da ya shigo da ita unguwa ta cika, aka yi addu'a, aka raba dabino. Taubashina ya hango ni a gefe ya ɗaga murya: "Mai kwali! Kai ka yi mata gwajin asibiti, wani ya ɗauke amarya!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Dabinon na sa a aljihu, ban iya ci ba.

Tun daga nan ƙanena ke kai Inna. Zuwansu na farko na tsaya a gona ina jiran wayata ta yi ƙara, a ce sun kafe in zo da babur. Da na lura da abin da nake jira sai na yi istigfari. Ba su kafe ba. Ya ce yashin ma bai san sun wuce ba. Ashe kuma kujerar motar tana ɗaukar ɗumi idan an danna wani maɓalli, Inna ta ce kamar ana gasa mata ƙugu da ruwan zafi. A duk kwanciyar da na yi ƙarƙashin motar, ban san da wannan ba.

Yanzu a majalisa nake jin labarin Inna. Ƙanena ya ce, "Ai Inna ta ce," sai in ji abin da a da ni kaɗai ake faɗa wa, da waɗanda ban taɓa ji ba. A bakin matarsa na ji cewa idon Inna ya fara hazo, har sun kai ta Goronyo an duba. Ni da nake babba.

Na shiga na gaishe ta, na daɗe a tsugune, sannan na ce, "Inna, gobe in kai ki Rabah?"

Ta kalli bango. "A bar shi. Ƙugun ba ya son babur."

Na miƙe zan fita, sai na ji ta ce, kamar da bangon take, "Mai babur dai ya rame." Na fita.

Kwanan nan dillalin ya kira, wai an kawo wata irinta, ta ɗan fi waccan tsufa. Na je na gani. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa a gaban direba da ba ta mutuwa. Ƙanena ya ce tasa ma haka take, sitika ya liƙa a kai. Matata ta ce, "Mota biyu a ƙofar gida guda, don tsohuwa guda? Mi mutane za su ce?" Na san abin da za su ce. Ban ma sani ba ko Inna za ta bar tasa ta shiga tawa. Amma na zauna a kujerar direba na gwada: idan tana baya, na karkatar da madubi, ba za mu haɗa ido ba.

Shi ya sa na rubuta. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota, don Allah ya sanar da ni abin da fitilar nan ke nufi, da ko ana tafiya da ita haka. Da gaske ne idan taya ɗaya ta mutu sai an canza duka huɗun? Akwai mai gyaranta kusa da mu, ko sai an ja ta zuwa Sakkwato? Dillalin ya ce wani mai hatsi daga Goronyo ya zo ya gan ta, kuma ba shi da niyyar kawo kwali.