Tsakiyar da ta faɗo a gonar Baba Tanko

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Malam Garba, malamin lissafi a firamaren ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Allah ya jiƙansa.

Ya faɗo mini a rai makon jiya, da na je gida na tarar unguwanninmu uku suna ja-in-ja kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Kowa na cewa a sa ta a tsakiya, kuma kowa da tasa tsakiyar.

An taɓa yin irin wannan ina saurayi, kan rijiyar guga. Dattawa suka ce wa Kawu ya nemo wurin da nisansa ɗaya ne daga kowace unguwa. Ya auna da igiya, ya zana alwatika, kowace unguwa a kusurwa guda. Ya raba kowane gefe biyu daidai, daga nan ya ja layin da ya gitta gefen a miƙe. Layukan uku suka haɗu wuri guda, kamar yadda ya ce dole su yi. Sai dai unguwarmu ta kusa hawa kan hanyar da ta haɗa sauran biyun, don haka mahaɗar ta faɗo waje, a gonar Baba Tanko, wani dattijo Kirista maƙwabcinmu.

Aka ce Malam ya yi kure, tsakiya ba ta fita waje.

Ya ce, "Nisa ɗaya kuka nema, ga shi. In kusa kuke so ku faɗa, amma wani zai fi wani tafiya."

Ba wanda ya yarda ya zama wanin. Baba Tanko ya ba da wurin, yana dariya wai bai taɓa shiga aji ba amma lissafi ya san gonarsa. Aka sami zaman lafiya, mata kuwa suka biya da ƙafafunsu. Kawu bai ɓoye cewa wannan ya dame shi ba, yakan ce wanda ya ɗauki tulu shi ya san nisan rafi.

Da yana raye, ba na jin zai fara da igiya. A taron da aka yi kan burtsatsen na ari bakinsa na tambaya: wace tsakiya ake nufi? Sai mai unguwarmu ya ce a ɗage zaman, a tambayo masu ɗiban ruwan.

Zanensa ya ɓace tuni. Tambayar ce gadon da ya bar mana, kuma ranar Juma'a mata za su amsa ta.