Ledar Malam Shitu

Duk garin Dayi babu mai baƙin hali irin Malam Shitu bakanike, kuma abin haushin, babu wanda ya kai shi sanin inji. Shekara talatin yana zuƙar man gas daga tiyo da bakinsa, har miya ta daina yi masa ɗanɗano. In ka kawo gyara, sai ya wanke ka tas da zagi kafin ya ɗauki sifana. Tinƙahonsa ɗaya ne: inji bai taɓa gagararsa ba. Kuma duk injin da ya gyara, sai ya shimfiɗa leda a bakin tanki kafin ya mayar da murfi, wai kada ruwan sama ya shiga.

Da ruwan shuka ya sauka bana, ƙaramar taraktar Rahab, wata manomiyar masara da mijinta ya rasu, wadda ake kira Maman Salama, ta soma rashin mutunci. Ta tashi da ƙyar, ta ja kunya biyu, ta mutu.

"Gurɓataccen mai kika zuba mata, Maman Salama," in ji Shitu. "Me mace ta sani game da inji?"

"Man da kowa ke saye na saya, Malam. Danshi na tafiya."

Ya wanke tanki, ya canza matatar mai, ya fitar da iska daga famfo, ya sake ɗaura ledar da ya sa mata a gyaran baya tsaf. A banza. Rana ta uku manoma suka taru a bakin gonar suna kallonsa, yana gumi, yana tsine wa masu sayar da mai.

Da injin ya sake mutuwa, Rahab ta kwance murfin don ta duba mai, sai tankin ya ja iska, fuuu. Ta tsaya. Ta juya murfin, ta ga wani ɗan rami kamar hujin allura. Murfinta sabo ne, yana kama ledar gam, ba kamar tsofaffin muraffan mutane masu yoyo ba.

"Ta nan take numfashi, Malam. Kai ka shaƙe ta."

Ta yar da ledar. Tarakta ta tashi, ba ta ƙara tsayawa ba sai da ta gama gonar.

A makon nan Shitu ya bi gida-gida, wai duba lafiyar inji, yana zare ledojinsa a ɓoye. Amma har yau in Rahab ta gaishe shi a kasuwa, ba ya amsawa.