Kuɓewar Inna

Da Inna ta rasu aka zauna rabon kayan ɗakinta, ni abu ɗaya na roƙa: gwangwanin madarar da take ajiye irin kuɓewa a ciki, cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Kuɓewa ce gajeruwa mai kauri. Yauƙinta kuwa, in ka ɗebo loma a Tudun Wada, sai ka kai Gyallesu bai tsinke ba. A bayan ɗakinta take shukawa duk damina tun kafin a haife ni. Wanda ya sayi gidan ya malale tsakar gida da siminti har bakin bayi, don haka abin da ya rage na wannan iri, a sanina, bai cika tafin hannu ba.

Gidan hayarmu ko tsinke ba shi da wurin tsayawa. Sai na tuna da ɗan fegina can bayan gari, inda mai babur ke sauke ka ya ce sauran tafiyar kai da Allah. Akwai bukkar kara a ciki. Bazara na shigowa na ɗauki hutu a ofis, na naɗe tabarma.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai da in ka sunkuya ɗaure takalmi sai an taru an ɗago ka?"

Na ce, "Jikan manoma ne ni."

"To, a gaishe da kakannin."

Na san Inna ba ta taɓa zuba irinta duka a ruwan farko ba, rabi take bari a gwangwani. Amma ruwan da ya sauka a makon nan, ko kwaɗi sun ɗauka damina ta zauna. Dattijon da gonarsa ke jikin tawa ya dubi gabas ya ce, "Ɗana, wannan da kayansa ya zo, ba baƙo ba ne." Ya zuba masararsa, ni ma na juye gwangwani kaf.

Kuɓewa ta tsiro, sama kuma ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu da la'asar, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, sannan iska ta kwashe shi ta kai wa waɗanda ba su shuka komai ba. Masarar dattijo ta ƙone, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, zai sayo wani iri a kasuwa. Nawa babu kasuwar da ake sayar da shi.

Sai na koma ɗan garuwa. Akwai rafi a gangare, da sauran ruwa kamar kunun kanwa. In sauka da jarka, in hauro ina ganin taurari da rana tsaka, in tsiyaya wa kowane tsiro a gindi, ƙasa ta shanye kafin in miƙe. Gwiwoyina suna ƙara kamar ƙyauren tsohon shago. Abinci kuwa abin da daji ya bayar: tafasar bakin rafi, sabon ganyen kuka, yaɗiya in na yi sa'a, in dafa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Na ci ganye har awakin makiyaya suka daina kauce mini a hanya. Kullum da safe in zaga in tarar wasu daga cikin tsiron sun kwanta, in tsaya a kansu kamar mai ta'aziyya. Wani lokaci in zauna a ƙofar bukka da buta a hannu, in rasa ƙarfin da zan yi alwala.

Da ruwa ya dawo na gaske, waɗanda suka rage ba su wuce yatsun hannu ba. Suka yi fure rawaya, suka ɗaura 'ya'ya gajeru masu kauri, sak na bayan ɗakin Inna.

Ran nan sai ga mai ɗakina da garin tuwo da daddawa, har da wuƙa.

"Sannu sarkin noma. Ina kuɓewar? Yau zan ga yauƙin da ke kaiwa Gyallesu."

Na ce, "Mayar da wuƙarki. Waɗannan na iri ne, sai sun bushe a jikin uwarsu."

"Ko guda ɗaya, Malam?"

Na dubi 'ya'yan, yawuna ya tsinke. Dattijo daga cikin gonarsa ya ɗago kai ya ce, "'Yata, in kika ci bana, baɗi sai labari."

Ta ajiye wuƙa. Muka ci tuwo da miyar kuka, mu uku, muna kallon kuɓewa tana kallonmu.

Da kaka ta yi 'ya'yan suka bushe suka fara tsagewa, na ɓare su a faranti, na cakuɗa da toka na zuba a gwangwani. Na girgiza, na leƙa. Iri ya tsaya daidai inda Inna ta bar shi, ko ƙwaya ban ga ta ƙaru ba. Na rufe na sa a saman kwaba, na kwanta rub da ciki, na ce wa mai ɗakina ta kawo man zafi ta fara daga ƙugu.