Injiniya da Katunan Mudirinsa

Sana'ata ɗaukar hoto. Na daɗe ina yin ta a Zariya, bikin aure da na suna da saukar karatu, ranar Asabar kuma in tafi filin ƙwallo in tsuguna a bayan raga da kyamarata. Da Allah ya kawo ni Riyad sai aikin ya ƙanƙance. Ɗan shago ne a unguwar Al-Oud, farin ƙyalle a bango, kujera guda. Mutum ya zauna, in ce ya ɗaga haɓa, ya cire tabarau, in danna. Hoton iƙama, wato katin izinin zama, hoton fasfo, shi ke nan. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, shi ne mai shagon, dattijo ne ɗan ƙasa, ba ya leƙowa sai jefi-jefi, saboda haka yawancin yini ni kaɗai ne da na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai wani injiniya ɗan gida, Bahaushe irina, da yake zuwa wurina duk sanda zai sabunta takardunsa. Yana aiki a wani kamfanin gine-gine. Mutum ne mai tsafta da ƙamshi, amma irin mutanen nan ne da ba su da launin kansu, duk abin da suka jingina da shi, shi suke zama. Lokacin da mudirinsa, wato shugabansa a wurin aiki, ɗan Labanan ne, har lanƙwasa Larabcinsa yake yi irin na can. Sai aka kawo musu sabon mudir, Bature daga Ostireliya.

Wata rana bayan La'asar ya shigo rungume da wani akwati kamar mai ɗauke da jariri. Ya ajiye a kan teburina, ya ciro farar safar hannu ya sa, sannan ya buɗe.

"Malam, yau babban aiki na kawo maka."

Na leƙa. Kundaye ne masu shafukan leda, kowane shafi da aljihu tara, kowane aljihu da ɗan kati bai fi tafin hannu ba. A kan kowane kati hoton wani ƙaton Bature ne sanye da riga marar hannu da guntun wando wanda ko a ɗakin matarsa ya kamata ya ji nauyin sawa.

"Injiniya, 'yan dambe ne?"

"Haba Malam! Ƙwallon ƙafa ne. Irin na Ostireliya."

"To me ya sami ƙwallon? Mota ce ta taka ta?"

Bai yi dariya ba. Ya shiga yi mini bayani cewa haka ake yin ta, doguwa kamar ƙwai, kuma katunan na mudirinsa ne, tun yana yaro yake tara su. Mudirin yana da wata ƙungiya a intanet, shi da tsofaffi irinsa, suna jera katunan kowace shekara su yi gardama a kan wanne ne hotonsa ya fi kyau. Abin da ake so in yi shi ne in ɗauki hoton katunan ɗaya bayan ɗaya, tsaf, don mudir ya ɗora. Sannan ya sassauta murya, ya ciro wani ƙaramin kundi daga ƙasan akwatin, ya ce wannan nasa ne, shi ma ya fara tarawa. Mutumin da na sani shekara da shekaru, wanda ko ƙwallonmu ta duniya ba ya kallo, ga shi yana jero mini sunayen ƙungiyoyi kamar mai tilawa.

Na karɓi aikin, aiki ne. Ya ba ni wuya kuwa, domin rabin katunan an shafe su da wani ƙyalƙyali irin na takardar alewa, duk ta inda ka haska fitila sai ya watso maka ita a ido. Sai da na yi wa teburin rumfa da farin ƙyalle, na kawo haske ta gefe biyu. Kwana huɗu ina wannan, kuma wanda ya yi kwana huɗu yana kallon hoto ta cikin kyamara dole ya ga abin da mai shi bai gani ba. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Ga mutane da kayan aiki irin wanda ban taɓa riƙewa ba, ga fili mai ciyawa kamar darduma, ga 'yan wasa masu tashi sama kamar an harba su, amma an ɗauko hotunan an wulaƙanta su.

Ranar karɓar aiki Injiniya ya zo da mudir ɗin da kansa. Dogo ne, furfura ta gama cin kansa, rana ta mai da fuskarsa jajawur. Ya yi sallama da karyayyen Larabci, ya duba hotunan a kwamfuta, ya ce sun yi. Daga nan ya tambaye ni, tunda ni mai hoto ne, yaya na ga hotunan da ke kan katunan su kansu.

Kafin in buɗe baki Injiniya ya tsoma nasa. "Malam, faɗi da Hausa, ni zan fassara masa."

Na ce to. Na zaro kati ɗaya. "Wannan an yanke masa ƙafa daga idon sawu. A wasan da kuka ce sunansa ƙwallon ƙafa. Wanda ya yanka hoton nan ko tela aka ba shi sai ya ɓata yadi."

Injiniya ya juya ya gaya wa Baturen cewa na ce hoton ya matso da ɗan wasan kusa sosai, abin sha'awa.

Na zaro wani. "Wannan an goge filin da 'yan kallo gaba ɗaya, an zuba masa walƙiya da harshen wuta a baya. Ba inuwa, ba ƙasa. Daga ina ya yi tsalle, ina zai sauka? Mutum ne ko aljani?"

Injiniya ya ce wai na ce launukan suna da ƙarfi.

Na uku, hannun wani ya rufe fuskar mai katin, babu abin da ya fito fes sai hammata. Na faɗi haka. Injiniya ya fara cewa na yaba da yadda aka kama motsi, sai na ɗaga masa hannu. Turancina na sakandare ne da na kasuwa, amma ya isa in ce abu ba shi da kyau. Na dubi Baturen na maimaita masa duka ukun da bakina, ban rage ko gishiri ba, na ƙara da na huɗu, wanda aka tsai da mutum ya harɗe hannu yana zare ido. Na ce irin wannan kullum ina yin sa a shagon nan, kuma ni ba na datse wa mutum kunne.

Injiniya ya yi tsuru-tsuru. Baturen kuwa ya fashe da dariya har yana dukan teburina. Ya ce shekara nawa yana faɗa wa abokansa maganar yanke ƙafa, suna cewa ya cika ƙorafi. Ya ja kujerar da masu ɗaukar hoto ke zama, ya zauna, ya ce in ci gaba.

Mun fi awa guda. Na kasa katunan kashi uku a kan tebur: marasa kyau, waɗanda suka fi su muni, da 'yan kaɗan da za a iya kallo. Ya tambaye ni ko babu ko ɗaya da ya burge ni. Akwai. Na je can ƙarshen wani kundi, inda Injiniya ya tattara waɗanda ya kira tsohon yayi ya ce kada ma in wahalar da kaina a kansu, na zaro shi. Tsohon kati ne, ba ƙyalli, gefensa ya fara laushi. Ana ruwan sama. Wani ɗan wasa ya taka kafaɗar abokin hamayyarsa da gwiwa ya tashi, yatsunsa sun kusa taɓa ƙwallon amma ba su taɓa ba tukuna. Na ƙasan ya yamutsa fuska, taɓo har gira. Can baya, cikin 'yan kallo, wata tsohuwa riƙe da lema ta saki baki. Duk wanda ya ɗauki wannan ya san abin da yake jira, ya kuma jira shi cikin ruwa. Na ce wannan shi ne hoto, sauran takardar alewa ce.

Baturen ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba ya cikin masu daraja a wurin masu tarawa, ɗan wasan ma ba wanda ya tuna da shi.

"Ni ma abin da na ce ke nan," in ji Injiniya. "Tun farko na ce wannan daban yake."

Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Daga ranar Baturen ya maƙale mini. Duk sanda 'yar'uwarsa ta aiko masa da sababbin katuna sai ya taho Al-Oud, ya yage ledar a gabana, ya kai hanci ya shaƙi ƙamshinsu, mutum mai jikoki, sannan ya baje su ya ce in yanke hukunci. Yana rubuta abin da na ce ya kai wa ƙungiyarsu. Ya ce wasu sun ji haushi, har wani ya tambaya wane ne wannan da bai taɓa ganin wasan ba yake zagin katunansu. Na ce ya gaya masa ba sai na iya wasan ba kafin in san an yanke wa mutum ƙafa.

Wannan magana ce ta sa ya nace sai na ga wasan. Wata Asabar da hantsi Injiniya ya ɗauke ni zuwa rukunin gidajen da Turawan kamfaninsu ke zaune. Ya naɗo wani mayafin ulu a wuya mai launin ƙungiyar ƙwallon da mudir ke goyon baya, a Riyad, a tsakiyar zafi. Muka zauna gaban talabijin. Fili kamar faifai, sanduna huɗu a kowane ƙarshe, ba raga, ba mai tsaron gida. Mutane suna gudu da ƙwallo a hannu, su buga ta da ƙasa, su naushe ta, su hau bayan juna. In ta fita waje sai alƙali ya juya wa fili baya ya wurgo ta ta saman kansa kamar mai zubar da abin sihiri. Na kasa gane wanda ake hukuntawa da dalilin hukuncin. Abu ɗaya na yarda da shi, tsallen nan gaskiya ne, ba kwamfuta ba ce.

Can aka buga ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna, Injiniya ya miƙe tsaye yana ihu yana kaɗa mayafi. Baturen ya dube shi a hankali ya ce ta gefe ta bi, maki ɗaya ne kawai, kuma ma ɗaya ƙungiyar ce ta buga. Injiniya ya zauna, ya ce ai ya sani, yana yaba bugun ne. Na sunkuyar da kai cikin kofin shayina don kada a ga fuskata.

Kwantiragin Baturen ya ƙare bayan wasu watanni. Ya biyo ta shago ya yi mini sallama, ya ce zai riƙa turo mini hotunan katuna ta waya. Ya turo sau biyu, na amsa masa, daga nan shiru, ban kuma neme shi ba. Injiniya ne ya kai shi filin jirgin Sarki Khalid, ya ɗora hotonsu tare a waya da dogon rubutu a kan rabuwa da uba.

Ba a yi wata guda ba ya shigo shagona da kundayensa, yanzu sun zama uku, ba safar hannu, a cikin ledar kanti.

"Malam, ko kana so? Sun cika mini ɗaki."

"Ni me zan yi da su?"

"Kai ne ka san darajarsu."

"Na sani, shi ya sa ba na so."

Ya ajiye su a bakin ƙofa ya tafi abinsa. Na ba maƙwabcina, wani tela ɗan Bangaladash. Ya ji daɗin shafukan ledar, ya jera samfurin maɓallai a ciki. Katunan kuwa yana naɗe ragowar zare a jikinsu.

Da zan tafi hutu gida na shiga kasuwar Utaiƙa sayen dabinon tsaraba, sai ga Injiniya a gaban wani mai sayar da dabinon sukkari. Ya rame, ya yi baƙi, hular kwano irin ta masu tseren keke tana rataye a hannunsa. Muka gaisa. Ban tambaya ba ya fara ba ni labari: sabon mudirinsu mutumin kirki ne, duk safiyar Juma'a suna fita bayan gari a kan keke, shi ma ya sayi nasa, mara nauyi, da yatsa biyu za ka ɗaga shi. Ya ce tun yana yaro yake son keke.

"Allah ya ba da lafiya, Injiniya."

"Amin. Ka zo mana Juma'ar nan ka ɗauke mu muna tafiya. Mudir zai ji daɗi."

Na ce jirgina ranar Alhamis ne. Ya ce to sai na dawo. Ya karɓi ledar dabinonsa ya nufi inda ya ajiye mota, yana tafiya a hankali, ƙafafu a buɗe, kamar mai sabuwar kaciya.